Me ake saya da dala miliyan 500 a gasar MLS?

Tambaya: Malam, na ji an ce sabuwar ƙungiyar San Diego ta biya dala miliyan 500 kafin a bar ta ta shiga gasar MLS ta Amurka. Abin ya ɗaure mini kai, domin a Ingila da Sifaniya ƙungiya da ƙafarta take hawa babbar gasa. Wa ake ba waɗannan kuɗi? Kuma ta yaya ƙungiyar da ba ta taɓa buga ko wasa ɗaya ba za ta fi wasu tsoffin ƙungiyoyin Turai tsada?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba kai kaɗai ya ɗaure wa kai ba. A watan Mayun 2023 aka sanar cewa attajirin nan ɗan Masar, Mohamed Mansour, tare da ƙabilar Sycuan ta 'yan asalin Amurka, sun sami izinin kafa ƙungiya ta 30 a gasar MLS, kuma ta fara wasa a 2025. A ranar da suka amince da dala miliyan 500 ɗin ba su da ɗan wasa ko ɗaya, ba su da koci, filin da suke wasa a ciki ma na jami'ar jihar ne da ke San Diego. Ka ajiye wannan a gefe, ka duba Newcastle United. An kafa ta a 1892, tana wasa a St James' Park da ke ɗaukar mutum sama da dubu 50, tana cikin gasar Firimiya, amma a watan Oktoban 2021 aka sayar da ita ga asusun zuba jari na Saudiyya da abokan hulɗarsa a kan kimanin fam miliyan 305. In ka juya shi zuwa dala a lokacin, bai kai abin da San Diego ta biya ba. Aikina lissafin kuɗi ne da ƙiyasta darajar kamfani idan za a sayar, kuma na daɗe ina bibiyar littattafan kuɗin ƙungiyoyin ƙwallo, don haka bari in warware maka yadda masu saye suke kallon lamarin.

Abin da Mansour ya saya kujera ce a ɗakin da aka kulle ƙofarsa. A MLS babu faɗuwa, babu hawa. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshen teburi bana, baɗi tana nan a gasar, haka shekara mai zuwa, haka bayan shekara ashirin. Wanda ke waje kuma, komai ƙwarewar 'yan wasansa, ba shi da hanyar shiga sai waɗanda ke ciki sun buɗe masa, su kuma su faɗi farashi. Har ma tsarin MLS ya fi na sauran gasannin Amurka ɗaurewa, domin a shari'ance gasar kamfani guda ce. Masu ƙungiyoyi masu hannun jari ne a wannan kamfani, an ba kowa damar tafiyar da ƙungiya a garinsa, kuma kwantiragin ɗan wasa da ita gasar ake sa hannu. 'Yan wasa sun taɓa kai ƙara kotu a kan wannan tsari, a shari'ar da aka fi sani da sunan Fraser, amma a 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta bar gasar a yadda take.

Da gangan aka yi haka, kuma tsoro ne ya kawo shi. Kafin MLS akwai gasar NASL, wadda Pele ya buga wa New York Cosmos a cikinta daga 1975 zuwa 1977. Da aka ga jama'a suna cika fili sai aka yi ta karɓar sabbin ƙungiyoyi, har suka kai 24 a 1978. Kowa ya shiga gasar kashe kuɗi da Cosmos, aljihu ya gaza, ƙungiyoyi suka yi ta rufewa, bayan kakar 1984 gasar ta mutu. Da FIFA ta ba Amurka ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya ta 1994 bisa sharaɗin ta kafa babbar gasa ta ƙwararru, waɗanda suka tsara MLS sun ƙudura cewa masu ƙungiyoyi ba za su sake kashe juna da farashi ba. Aka fara a 1996 da ƙungiya 10. Duk da haka sai da aka sha wuya: a farkon 2002 an rufe Miami Fusion da Tampa Bay Mutiny saboda asara.

To, wa ake ba kuɗin? Waɗanda suka riga shi shiga. Dalilin kuwa lissafi ne mai sauƙi, kuma ya fi fitowa fili a gasar NFL, wato ƙwallon Amurkawa da ake ɗauka a hannu, mai kama da zari-ruga, inda wannan tsari ya fi ko'ina kawo kuɗi. Ƙungiya 32 ce a NFL, kuma kuɗin talabijin da na manyan masu tallafi ana raba shi daidai wa daida. Green Bay Packers ita kaɗai ce take wallafa lissafinta saboda ta jama'ar gari ce, kuma daga nan muka san cewa kason kowace ƙungiya a shekara ya haura dala miliyan 400. Ɗauki 400 ɗin ka ninka sau 32, ka sami dala biliyan 12.8. Yanzu ka ƙara ƙungiya biyu, ka raba wa 34. Kowa zai koma kimanin miliyan 376, wato ya yi asarar wajen miliyan 24 duk shekara, har abada. Babu mai yarda a rage masa kaso haka kawai. Kuɗin shiga gasar diyya ce ta wannan ragi, ana biya tun farko. Shi ya sa tun da Houston Texans ta shiga a 2002 a kan dala miliyan 700 NFL ba ta sake ƙara kowa ba. Sabon gari sai ya kawo masu kallo da za su faɗaɗa kuɗin talabijin fiye da abin da zai ci, kuma NFL ta riga ta mamaye Amurka.

MLS kuwa tana da sauran wuri, sai ta yi ta sayar da kujeru, farashi na hawa. Toronto ta shiga a 2007 da dala miliyan 10. Seattle ta biya miliyan 30 ta fara a 2009. New York City FC, wadda masu Manchester City suke da kaso mafi girma a ciki, ta biya miliyan 100 ta fara a 2015. Cincinnati miliyan 150, St. Louis miliyan 200, Charlotte ta David Tepper miliyan 325, sai San Diego 500. Daga Toronto zuwa San Diego ninki 50 ke nan cikin shekara 18. Wanda ya fi kowa cin ribar wannan hawa shi ne David Beckham. Lokacin da ya koma LA Galaxy a 2007 an sa masa a kwantiragi cewa yana da damar sayen sabuwar ƙungiya a kan dala miliyan 25. Da wannan dama aka kafa Inter Miami, ta fara wasa a 2020, Messi ya zo a 2023, kuma yanzu masu ƙiyasi irin mujallar Forbes suna sa darajarta sama da dala biliyan ɗaya.

Yanzu ga gundarin tambayarka, wato me ya sa kujerar ta fi Newcastle tsada. Mai ƙiyasta daraja abu biyu yake tambaya kafin komai: nawa ke shigowa, kuma wane tabbaci ake da shi cewa zai ci gaba da shigowa. A tambayar farko Ingila ta yi wa MLS fintinkau. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana karɓar sama da fam miliyan 100 daga kuɗin talabijin da na gasar. A tambaya ta biyu ne ake samun matsala, domin duk shekara ƙungiya uku cikin 20 sai sun faɗi, kuma faɗuwa tana yanke mafi yawan wannan kuɗi. Akwai tallafin da ake ba waɗanda suka faɗi na shekara biyu ko uku don rage musu raɗaɗi, amma yana raguwa kowace shekara, albashin 'yan wasa kuwa kwantiragi ne, ba ya sauka da sauri haka.

Ba kuma ƙananan ƙungiyoyi kaɗai abin yake samu ba. Leeds United ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai a 2001, ta ci bashi bisa tsammanin za ta ci gaba da zuwa, ta faɗi a 2004, ta durƙushe da bashi a 2007 ta gangara rukuni na uku, ba ta dawo Firimiya ba sai 2020. Sunderland ta faɗi sau biyu a jere, 2017 da 2018. Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, ta faɗi a 2023. Portsmouth ta ci kofin FA a 2008, kafin shekara biyu ta kasa biyan bashi. Wanda ya fi sosa mini rai shi ne Bury, ƙungiyar da aka kafa a 1885, wadda aka kora daga gasannin ƙwararru na Ingila a watan Agustan 2019 saboda ta kasa biyan haƙƙoƙin da ke kanta. Mutanen garin sun wayi gari ba su da ƙungiyar da kakanninsu suka kalla.

Ka lura da abin da tsoron faɗuwa yake yi wa aljihu tun kafin a faɗi. Ƙungiyar da ke tsakiyar teburi ba ta da ikon cewa bana za ta tsuke bakin aljihu, domin in ta tsuke maƙwabciyarta ba za ta tsuke ba, kuma ladan tsimin shi ne ta faɗi. Wadda ke rukuni na biyu kuma tana hango fam miliyan ɗari a gabanta, sai ta kashe abin da ba ta da shi. An yi kakanni da dama da ƙungiyoyin Championship, wato rukuni na biyu, in an haɗa su, albashin da suke biya ya wuce duk kuɗin da suke samu. A sana'ata in na ga kamfani haka, ba na ɓata lokaci. Amma a ƙwallon Ingila wannan ne yau da kullum. Duk ƙarin da aka samu daga talabijin, tun daga yarjejeniyar fam miliyan 304 ta 1992 har zuwa ta fam biliyan 6.7 da ta fara a 2025, mafi yawansa ya bi ta hannun ƙungiyoyi ya wuce wurin 'yan wasa da wakilansu. Dokokin da aka kawo don taka birki, irin wadda ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, wadda ta sa aka zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24, iyakar asara suke sawa. Ba su yi wa kowa alkawarin riba ba.

A Amurka an toshe wannan rami da iyakar albashi. A NFL yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ware wa 'yan wasa kimanin kashi 48 cikin ɗari na kuɗin shiga, kuma a 2024 iyakar kowace ƙungiya dala miliyan 255.4 ce. Ka haɗa da abin da na faɗa ɗazu: sama da miliyan 400 na shigowa daga tsakiya, albashi bai kai 260 ba. Ke nan tun kafin a sayar da tikiti ɗaya an biya 'yan wasa, an kuma bar ragowa. Yarjejeniyar talabijin da aka ƙulla a 2021 ta kai wajen dala biliyan 110 kuma za ta kai har 2033, don haka mai ƙungiya ya san abin da zai samu shekaru masu zuwa, ko ƙungiyarsa ta ci wasa ko ba ta ci ba. MLS ma tana da tata iyakar, sai dai tun 2007 an bar 'yar kafa ta ɗauko taurari kaɗan a biya su a wajen iyaka, dokar da aka yi saboda Beckham.

Sai kuma ƙaranci. Attajiran duniya ƙaruwa suke, kujerun NFL kuwa 32 ne, kuma sai a yi shekaru ba a sa ɗaya a kasuwa ba. Jerry Jones ya sayi Dallas Cowboys a 1989 a kan kimanin dala miliyan 140, a 2024 Forbes ta ƙiyasta ta haura biliyan 10. An sayar da Denver Broncos a 2022 a kan biliyan 4.65, shekara guda bayan nan Washington Commanders ta tafi a biliyan 6.05. Farashin ya kai inda mutum ɗaya yake wahalar ɗauka, har a watan Agustan 2024 NFL ta yarda kamfanonin zuba jari su riƙe kaso da bai wuce 10 cikin ɗari ba. Akwai kuma garaɓasar haraji: tun 2004 dokar Amurka ta ba mai saye damar cire kuɗin sayen ƙungiya daga ribar da ake masa haraji a kai, a hankali cikin shekara 15.

A nan sai ka bambance daraja da riba, domin mutane suna yawan haɗa su. Riba ita ce abin da ya rage a ƙarshen shekara. Daraja ita ce abin da wani zai yarda ya biya ranar da za ka sayar. A NFL biyun suna tafiya tare, kuma ni ban ga abin zargi a farashinta ba. A MLS ne nake da shakku, kuma ba zan ɓoye maka ba. Yarjejeniyar nuna wasanni da ta ƙulla da Apple a 2022, a yadda aka sa mata hannu a lokacin, ta shekara 10 ce a kan dala biliyan 2.5, wato miliyan 250 a shekara. Raba wa ƙungiya 30, kowa bai kai miliyan 9 ba, kuma gasar ce ke ɗaukar nauyin shirya hotunan wasannin. Ka kwatanta da fam miliyan 100 na kurar baya a Firimiya. Ƙungiyoyin MLS da tikiti da masu tallafi na gida suke rayuwa, da yawansu kuma asara suke yi. Wanda ya biya miliyan 500 caca ya yi a kan gobe: cewa gasar cin kofin duniya ta 2026 a Amurka da Kanada da Meziko za ta ƙara masu kallo, cewa yaran da suka taso da ƙwallon ƙafa za su zama masu sayen tikiti, cewa yarjejeniyar talabijin ta gaba za ta ninka wannan. Yana iya yin daidai. Atlanta United ta sha tara sama da mutum dubu 70 a wasa guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da nake ja wa kunne a kai shi ne ɗaukar kuɗin sayar da kujera a matsayin kuɗin shiga na kasuwanci. Wani yanki na gobenka ka sayar, sau ɗaya ake karɓa, kuma kujerun suna da iyaka. Ko da a ce an raba na San Diego daidai tsakanin ƙungiya 29, kowa zai tashi da kimanin miliyan 17, wato kusan kason Apple na shekara biyu. Yana toshe gibi, amma ran da aka daina faɗaɗawa dole talabijin da tikiti su ɗauki nauyin gaba ɗaya. MLS ta fi NASL tsari nesa ba kusa ba, yawancin ƙungiyoyinta suna da filayensu, masu su kuma suna da ƙarfin jure asara. Duk da haka wanda ya san yadda NASL ta ƙare ba zai ga faɗaɗawa ya ɗauka lafiya ce kawai ba.

Akwai kuma wanda ke biyan kuɗin wannan tabbaci da masu ƙungiya suke morewa, kuma sau da yawa magoya baya ne da masu biyan haraji. Tunda kujerar ta mai ita ce, yana iya ɗaukarta ya kai wani gari. Garuruwan da ba su da ƙungiya sun zama sandar da ake tsorata waɗanda suke da ita: ku gina mana sabon fili ko mu tashi. Jihar Nevada ta sa dala miliyan 750 na harajin ɗakunan otal a filin da Raiders ta NFL ta koma a Las Vegas a 2020. Stan Kroenke, mai Arsenal, ya ɗauke Rams, ƙungiyarsa ta NFL, daga St. Louis ya kai Los Angeles a 2016 alhali garin bai gama biyan bashin filin da ya gina mata ba. St. Louis ta kai ƙara, a 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 790, amma ƙungiya ta tafi ke nan. A MLS ma an so a yi wa Columbus Crew haka a 2017, a mayar da ita Austin. Magoya baya suka tashi tsaye, hukumomin jihar Ohio suka shiga kotu, daga ƙarshe aka sayar da ita ga wasu masu jari ta zauna, shi kuma tsohon mai ita aka ba shi sabuwar kujera a Austin. A Ingila sau ɗaya aka yi irin wannan a zamanin nan, da aka kwashe Wimbledon zuwa Milton Keynes a 2003, kuma har yau ba a yafe ba. Magoya bayanta sun kafa AFC Wimbledon tun 2002, suka fara daga can ƙasa, suka hau da ƙafarsu har suka dawo cikin ƙwararru a 2011. A Amurka babu matakalar da za su hau.

Ni a raina na fi son buɗaɗɗen tsari, duk da na san irin ɓarnar da yake yi wa littafin kuɗi. Wasan ƙarshen kaka tsakanin ƙungiyoyi biyu da ke neman tsira yana da nauyin da kuɗi ba ya saye, kuma wannan nauyin ne ya sa duniya take kallon Firimiya. Wrexham, wadda Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka saya a 2021 tana rukuni na biyar, ta hau sau uku a jere ta isa Championship a 2025. Kuɗin da suka zuba ya taimaka ƙwarai, amma kowane mataki a fili aka ci shi.

Sai dai kada ka ɗauka masu jari ba su ga wannan bambancin farashi ba. Iyalan Glazer da suka sayi Manchester United a 2005 su ne masu Tampa Bay Buccaneers a NFL. Shahid Khan na Fulham shi ne mai Jacksonville Jaguars. Liverpool tana hannun Fenway Sports Group tun 2010, Chelsea ta koma hannun Todd Boehly da Clearlake a 2022 a kan fam biliyan 2.5, Everton da Bournemouth ma Amurkawa ne ke riƙe da su. Sun san cewa in an cire faɗuwa aka kuma sa iyakar albashi, darajar abin da suka saya za ta yi tashin gwauron zabi. Wannan tunanin ne ya haifi gasar Super League a watan Afrilun 2021, lokacin da ƙungiya 12 suka so kafa gasar da waɗanda suka assasa ta ba za su taɓa fita ba. Cikin kwana biyu magoya baya a Ingila suka rusa shirin, ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. A Firimiya sauya doka yana buƙatar ƙuri'ar ƙungiya 14 cikin 20, hukumar FA tana da ikon hawa kujerar na ƙi a kan batun hawa da faɗuwa, kuma a watan Yulin 2025 Birtaniya ta kafa dokar da ta samar da hukuma mai zaman kanta da za ta iya hana ƙungiya shiga irin waccan gasa.